Hannun Mai Allura

A layin masu gyaran waya babu shagon da ya kai na Injiniya ƙanƙanta, amma ko da wasa ba ka isa ka faɗa masa haka ba. Tebur ɗaya ne, sai fitila mai lanƙwasasshen wuya, madubin ƙara girma, hantsaki, da ƙarfen narka dalma wanda igiyarsa ta sha ɗauri har ta gaji. Ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa takawa ba. 'Yan layin ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har matarsa ma da shi take kiransa. Abin tinƙahonsa a duniya hannunsa ne. Yakan cire abin da bai fi ƙwayar yashi ba daga cikin injin waya, ya mayar da wani, yana hira yana dariya, hannun bai ko girgiza ba. Wannan kam ba cika baki ba ne, Allah ya ba shi.

A cikin aljihun teburin nan akwai wata 'yar kwalbar jan farce. Duk wayar da gyaranta ke bukatar na'urar da ba shi da ita, sai ya kai ta wani shago, to kafin ta bar hannunsa zai buɗe ta ya ɗiga ja a bayan allo, ya ɗiga a gefen batir, a wurin da ido ba ya kaiwa. Ya san layinsu ciki da bai. Ya san yadda ake shiga bayan kanta da waya a zare allo na ainihi a maƙala jabu, a fito ana murmushi ana cewa an gama. Ya san masu yi, kullum da safe ma sai sun gaisa. Ɗigon nan ya sha kama masa ɓarayi, shi ya sa ya zauna daram a kan cewa duk abin da aka buɗe a bayan idonka, ba yadda ya tafi yake dawowa ba.

Matarsa malamar firamare ce, 'yan aji biyu take koyarwa, kowa Malama yake ce mata. Shekaru sun tura da aurensu ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Inna, mahaifiyarsa, ba ta zagi, ita dai addu'a take yi mai ƙaya a jiki, in sun je gaishe ta ta dubi cikin Malama kafin ta dubi fuskarta. Yayarsa kuwa ba ta da wannan kara, ta taɓa cewa a gaban mutane wasu matan 'ya'yan mutane kawai suka iya reno. Da abin ya ishe su suka je asibitin haihuwa aka auna su duka biyun. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce Malama lafiyarta lau. Sannan ta juyo gare shi ta sassauta murya. Ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa 'yan kaɗan ne, in ji ta, kuma 'yan kaɗan ɗin ma ba su da ƙarfin da za su yi iyo su kai ga ƙwan mace.

A hanyar gida Malama ta ce maganar nan daga ita sai shi sai likita. Haka kuwa aka yi. Ta ci gaba da shan addu'ar Inna da habaicin Yaya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba a lokacin da ake yi. Wani zai ce wannan ai abin da zai kwantar wa namiji da hankali ne. Injiniya ya ƙara sonta, ba shakka, amma tun daga ranar wani abu ya shiga idonsa. Ya zama ba ya iya ganin namiji da yaro a kafaɗa bai kau da kai ba. Maƙwabcinsa mai sayar da caja, wanda 'ya'yansa suka cika gida, in ya fara kukan takalman makaranta yana cewa yaran nan za su kashe shi, Injiniya sai ya duƙufa a kan madubi kamar bai ji ba, alhali ji yake kamar ya ɗana masa ƙarfen dalma a baki. Har magen da ke haihuwa a bayan shagonsu duk shekara sai da ya tsane ta.

Likitar ce ta kawo musu mafita. Ta ce akwai hanyar da ba sai ƙwayoyin sun yi iyo ba. Za a yi wa Malama allurai na ɗan lokaci don ƙwai su nuna da yawa, a ciro su. Shi kuma ya ba da nasa. A ɗakin gwaji za a zaɓi ƙwaya ɗaya mai lafiya, a ɗauke ta da wata allura da ta fi gashi siranta, a soka ta kai tsaye cikin ƙwan. Kowane ƙwai ƙwaya ɗaya. In ya kama ya fara girma, bayan 'yan kwanaki a mayar da shi mahaifar Malama. Ta ce ba ta yi musu alkawarin komai ba, amma masu irin matsalarsa da yawa ta wannan hanyar suka samu. Sannan ta ce bari ta kira wanda ke yin aikin da hannunsa, don su san shi.

Da ma tsoho ne ya shigo, mai furfura da tumbi, da labarin nan bai yi tsawo ba. Sai ga wani dogon matashi cikin koren kaya da hular leda, fuskarsa a sake, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada barci. Ya gaishe su da ladabi, ya juyo musu da allon kwamfuta ya nuna musu yadda ake yi. Ga ƙwai nan zagaye kamar wata, an riƙe shi ta gefe ɗaya. Ga allura ta taho a hankali ta ɗaya gefen, ta dangwale shi, ya ɗan lotsa, ta shige, ta ajiye wani ɗan ɗigo ta fito. Injiniya ya san aiki in ya gan shi, kuma wannan aiki ne. Yana cikin haɗiye wannan sai ya ji Malama ta saki numfashi a gefensa.

“Ikon Allah,” ta ce. “Dubi hannu, ko rawa ba ya yi.”

Shekara nawa tana kawo masa abinci shago tana ganinsa a kan madubi, bai tuna ranar da ta faɗi haka a kansa ba. A cikin motar haya ma ba ta bar zancen ba. Yaron nan akwai natsuwa, yaron nan akwai tarbiyya, ka ga yadda ya yi bayani bai sa mutum ya ji kunya ba. Injiniya ya ce ai na'ura ce ke yi, shi murɗa ƙarfe kawai yake. Ta ce ko murɗawar ai sai mai hannu. Daga ranar ya sa masa suna Mai allura, kuma bai taɓa faɗin sunan ba tare da ya taɓe baki ba.

Alluran Malama a gida ake yi, a fatar ciki, kullum. Nas ta koya musu, Injiniya ya karɓi aikin, don ya ce ba wanda zai huda masa mata yana zaune. Yakan goge wurin da auduga, ya tattaro fatar da yatsu biyu, ya soka ya zare kafin ta gama rufe ido. Ran nan har ta ce masa hannunsa ba zafi. Amma kunnen mai kishi zaɓe yake yi, wannan bai shiga ba. Abin da ya shiga shi ne addu'arta bayan salla, da ta jero likita da nas, sannan ta ce Allah ya daidaita hannun yaron nan ranar aiki. Yana daga falo ya ji. Ya zauna yana juya abin a ransa: shi ne miji, amma abin da ya gagare shi shekara da shekaru wani ƙato ne zai yi shi a zaune a kan kujera, a bayan ƙofa, har matarsa na roƙa masa sa'a. Ya san tunanin banza ne. Sanin bai hana shi ci masa rai ba.

Daga nan tunanin ya haifi ɗan'uwansa. A ɗakin jira na asibitin ya ga maza da yawa, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Duk kofunan da suke ba da maniyyinsu a ciki ɗaki ɗaya suke shiga. Ya tambayi nas ko za a bar shi ya shiga ya tsaya a kan nasa, ta yi dariya ta ce ko likita ma ba ta shiga sai da dalili, ɗakin ba ya son ƙura ba ya son iskar waje. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, aikin ma'aurata ɗaya ake ɗorawa a kan tebur, sai an gama an share kafin a ɗauko na wasu. Injiniya ya gyaɗa kai. A ransa ya ce haka kowane mai shago yake faɗa. Mutumin da ake yabo da sa'ar hannu, in ya duba kofi ya ga ba abin kirki, ga kofin wani cike a gefe, wa zai gan shi? Ai sunansa yake karewa. Ya san irinsu, da su yake kwana da su yake tashi.

Ranar cire ƙwai, da aka tura Malama ciki a kan gado mai taya, nas ta miƙa masa kofi mai murfi da sunansa a jiki, ta nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Kujera ɗaya ce a ciki, da wurin wanke hannu, da wata 'yar taga a bango inda ake ajiye kofin a danna ƙararrawa. Bai taɓa jin ƙasƙanci irin na ɗakin nan ba. Da ya gama, ya zaro kwalbar jan farce daga aljihun wando. Bai ɗiga a waje ba, don duk mai musanya waje yake fara dubawa. Ya ɗiga a cikin murfin, ɗigo ɗaya mai kyau, ya rufe gam tun bai bushe ba, ya ajiye a taga ya danna. Dabararsa ita ce in an gama ya nemi a nuna masa kofin da aka yi aiki da shi. Ya fito yana jin shi ma yau ya yi wani abu.

Bai daɗe da zama ba sai ga Mai allura da kansa ya leƙo ɗakin jira, ya yafito shi. Ya ja shi can gefen matakala inda ba kowa. Bai ɗaga murya ba, bai ko haɗe rai ba. Ya ce da ya buɗe kofin ya ji wari, ya duba ya ga ja a murfi, har ya zuba ya gauraya. Sinadarin jan farce guba ne ga ƙwayoyin, kuma ba zai yarda ya kusantar da su ga ƙwan Malama ba. Su ma'aikatan ɗakin ko turare ba sa shafawa. Ya ce ƙwai sun riga sun fito, ba sa jira, don haka sai dai Injiniya ya ɗan huta ya sake ba da wani, ko da yake na biyu ba ya kai na farko.

“Ban san dalilinka ba, Yallabai, kuma ba sai ka faɗa mini ba,” ya ce. “Likita kaɗai zan sanar, don dole ne. Malama kuwa ba daga bakina za ta ji ba.”

Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Injiniya ya sunkuyar da kai ya wuce. Ya koma ɗan ɗakin nan da sabon kofi. Abin da ya samu a karo na biyu, shi kansa da ya ɗaga ya duba ya ga bai fi a ce an ɗiga ruwa a gindin kofin ba.

Malama ta farfaɗo tana murmushi, jiki ba ƙwari. Da yamma likita ta zo ta ce ƙwai sun fito da kyau, sai dai ba duka aka yi wa allurar ba, don ƙwayoyin da aka samu masu rai ba su kai yawan ƙwan ba. Ta faɗi haka tana kallon takardar hannunta, ba ta dubi Injiniya ba, shi ma bai dube ta ba. Malama ta lalubo hannunsa ta matse, wai ita ce mai ba shi haƙuri. Nas kuwa, da take cire mata robar ƙarin ruwa, ta ce su gode wa Allah su gode wa yaron nan, tun hantsi yake kan madubi yana tsintar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɗan kunne a cikin yashi, abincinsa ma yana nan ya huce bai taɓa ba. Idon Malama ya kawo ruwa. Ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya jiƙan iyayen da suka haife shi. Injiniya ya ce amin, kalmar ta fito da ƙyar.

Kwanakin da suka biyo baya waya ce ta mallaki gidan. Kullum da safe asibiti za su kira, kuma lambar Malama suke kira. Takan tashi tsaye ta amsa, ta riƙe wayar da hannu biyu. Ranar farko uku sun kama. Daga baya ɗaya ya tsaya. Sai wani ma ya tsaya. Saura guda ɗaya tal, amma Mai allura ya ce yana girma yadda ake so, kyakkyawa ne, kuma jibi za a mayar. Injiniya yana kallon fuskarta in tana sauraren muryar nan, yadda take haske, yadda take cewa to, to, na gode, na gode. Da shi ba ta taɓa yin waya a tsaye ba. A shago ya ƙona allon wata waya, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun yana koyo, har mai caja ya tambaye shi ko lafiya.

Abu biyu ke cinsa, kuma kowanne na ƙaryata ɗan'uwansa. In yaron nan gaskiya ya yi, to shi Injiniya ne ya jawo asarar ƙwan matarsa da hannunsa, kuma wanda ya fi tsana a duniya ne ya rufa masa asiri. In kuwa ba gaskiya ya yi ba, to ɗan wani za a saka a cikin matarsa jibi. Na farkon ya fi ƙarfin ya ɗauka, sai ya rungumi na biyun. Ya ga kofin nan da idonsa. Ta ina za a tsinci abin kirki a ciki?

Ana gobe za a mayar, ya dawo daga shago da la'asar sakaliya ya tarar da ita a falo tana duba littattafan 'yan aji, ta jingina da matashi saboda cikin bai gama saki ba. Ta kawo masa shayi, ta zauna, ta ce akwai shawarar da take so su yi. Tana so su yi wa yaron nan 'yar kyauta. Da turare ta yi niyya, sai nas ta ce a'a, ba sa shafawa, wai ko jan farce ba a shiga da shi ɗakinsu. Don haka ta ce ko zai duba a layinsu ya samo masa abin cajin nan na tafi-da-gidanka, mai kyau, na ainihi, tunda shi ya san na ainihi.

Ya ajiye kofin shayin. Ya ce ta haɗa masa da abincin rana mana, tunda an ce nasa hucewa yake. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Dariyar ce ta ƙarasa shi.

“Ke kin yarda da shi, ni ban yarda ba,” ya ce. “Na san abin da ke cikin kofi na biyun nan. Ba komai a ciki. To ina ya samo abin da ya soka?”

Ta ɗago a hankali. “Wane kofi na biyu?”

Nan ya gane bakinsa ya suɓuce, amma magana ta riga ta fita. Ya ba ta labarin a gaggauce, yana ƙawata shi, wai tsaro ne, wai ko a shago haka yake yi, wai don ita ya yi. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tambaye shi abu ɗaya, shin ƙwan da likita ta ce ba a samu abin yi musu allura ba, wannan ne dalili? Ya ce ba wanda ya san haka tabbas, da ma nasa kaɗan ne. Ta ce ta ji, amma shi a ransa me ya gani? A nan ne ya kamata ya ce ta yafe masa. Kalmar tana bakinsa, ya ji ɗanɗanonta. Sai kishi ya riga ta fitowa.

“Ke dai faɗi gaskiya,” ya ce. “Ko ba nawa ba ne ai kina so, tunda daga hannunsa ya fito.”

Malama ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta ɗan ɗage rigarta ta nuna masa fatar cikinta, inda tabon allurai ya yi rodi-rodi, wasu sun yi baƙi wasu suna komawa ɗorawa. Ta bar shi ya kalla da kyau, sannan ta sauke rigar.

“Duk abin da Inna da Yaya suka faɗa mini shekarun nan, na haɗiye, don ba su sani ba,” ta ce. “Kai ka sani.”

Ta tattara littattafanta ta shige ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba, ta dai rufe. Ya zauna da shayin da ya huce, yana jiran zuciyarsa ta ba shi gaskiya kamar yadda ta saba, wannan karon ta ƙi.

Da safe ta shirya ba ta ce masa ya zo ba, ba ta ce kada ya zo ba. Ya bi ta. A mota ta zauna jikin taga tana kallon waje, jakarta a kan cinya ta raba tsakaninsu. Sau biyu yana buɗe baki, sau biyu yana ganin direba na kallonsu ta madubi ya fasa. Ya ce a ransa in sun isa zai faɗa. Da suka isa kuma mutane ne cike a ɗakin jira.

Nas ta fito da fara'arta, ɗauke da riguna biyu da huluna biyu na leda. Ta ce yau ranar maigida ce, don a wannan aikin ana barin miji ya shiga ya zauna kusa da matarsa, har a nuna musu ɗan tayin a allo kafin a mayar, su gan shi da idonsu. Injiniya ya miƙe har ya miƙa hannu. Abin da ya yi ta nema ke nan tun farko, a bar shi ya gani.

“Ɗaya ta isa,” in ji Malama. “Zai jira a waje.”

Nas ta dube ta, ta dube shi, ta maida riga ɗaya kan kafaɗarta. Suka shige. Akwai benci a jikin bangon ɗakin, ya zauna a kai. Ƙofar irin mai komawa da kanta ce, ba ta gama rufuwa ba, ta bar 'yar kafa. Ba ya ganin komai sai gefen wani farin labule, amma yana ji. Ya ji likita tana tambayar Malama ko ta sha ruwan da aka ce ta sha. Ya ji ƙarar ƙarafa a faranti. Sai ya ji an buɗe wata ƙofa daga ciki, ga muryar nan ƙasa-ƙasa tana gaisuwa. Mai allura na ciki, shi yana waje, kuma ba wanda ya shirya hakan sai shi da kansa.

Ya ji yaron ya ce ta dubi allo. Sai wani ɗan sauti ya fito daga bakin Malama, ba kuka ba ne ba dariya ba ne. Injiniya ya damƙe gefen bencin. Tana ganin ɗansu, ko 'yarsu, karon farko a duniya, kuma wanda ke tsaye kusa da ita yana nuna mata da yatsa ba shi ba ne. Duk kishin da ya yi a baya na abin da bai faru ba ne. Wannan kuwa yana faruwa, taku kaɗan daga inda yake zaune.

Sai Mai allura ya ce kafin ya ɗauko, ƙa'ida ce ya karanta sunayen da ke jikin kwanon da ɗan tayin yake ciki, masu shi su tabbatar da bakinsu. Ya karanta na Malama, ta ce ita ce. Sannan ya karanta na uban. Ba Injiniya ya ce ba. Sunansa na yanka ya kira, cikakke, har da na mahaifinsa, a sarari, yadda ba wanda ya kira shi tun rasuwar tsohon. Ya tambaya ko mai sunan yana nan.

Injiniya ya tsinci kansa a tsaye, tafin hannunsa a jikin ƙofar. Turawa kaɗan take bukata. Hannun nan da bai taɓa rawa a kan aiki ba yana ta karkarwa a jikin katako, ya kasa turawa.

“Yana waje,” ya ji Malama ta ce. Muryarta ba ta rawa. Ta maimaita sunan da bakinta, tun daga farko har ƙarshe. “Shi ne uban. Mijina ne.”

Likita ta ce to, bismilla. Wani daga ciki ya lura da ƙofar, ya tura ta ta rufu.

“Ni ne,” in ji Injiniya, a hankali. Ba kowa a barandar da zai ji shi.